Mai Fasfo Biyu Ya Zo Cin Abincin Rana

Kafin na ci gaba, bari na amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto makon jiya cewa wai ina da girman kai, saurayi mai fasfo biyu yana bina ina yanga. 'Yar'uwa, zo ki ɗauke shi, har jakarsa zan riƙe miki ku sauka bene.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Taisiya, a gida Taya, shekarata ashirin da uku, a garin Perm nake, can gabas da Moscow, da Mama da Kaka Nyura. Tun ina 'yar sha ɗaya nake wasan zamiya a kan ƙanƙara na mutum biyu da Rinat. Aikinsa ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya cilla ni sama, nawa aikin in juya sau uku in sauka a ƙafa ɗaya ina murmushi kamar ba abin da ya faru. Shekara goma sha biyu ke nan. Ina son sa, na faɗa muku tun tuni, shi kaɗai ne ban faɗa wa ba.

Tun da aka fara yaƙi aka rufe mana ƙofar gasar duniya. Muka dinga zagaye garuruwanmu, yau Kazan gobe Omsk, muna karawa da fuskokin da muka sani tun muna yara, har na haddace wace ce za ta faɗi a wane minti. Sai aka ce an buɗe 'yar kafa. Za ka iya zuwa, amma ba tuta, ba taken ƙasa, kuma sai wani kwamiti can Turai ya bincike ka ya tabbatar ba ka da alaƙa da soja, ba ka kuma taɓa tafa wa yaƙin ba. Muka cika takardu har hannu ya yi tsami. A watan Mayu jerin sunaye ya fito, babu mu. Kocinmu Elvira Marsovna cewa kawai ta yi, “Ba a ɗauke ku ba. Ku je ku ɗumama jiki.”

Mama ba ta buƙaci wani bayani ba. Rinat ya yi shekararsa ɗaya ta aikin soja na dole kamar kowane ɗa namiji, akwai ma hotonsa da kaki, kai a aske, kunnuwa a baje. Tun ranar Mama ta yanke hukunci cewa hoton nan ne ya hana 'yarta fita waje. Yaron da ya taso a kicin ɗinmu yana kiran ta Anti Zoya, ta daina amsa gaisuwarsa da kyau. Idan ya rako ni gida a bakin ƙofa take tsayar da shi. Wata bakwai ana haka, shi kuma bai taɓa cewa uffan ba.

To, ranar Lahadin nan baƙon Mama ya zo.

Tun da safe gidanmu ya rikice. An fito da farantan da ke cikin kabad ɗin gilashi, waɗanda tun bikin Mama ba a ci komai a cikinsu ba. Kaka ta gasa shangi, ƙananan burodi masu dankali a sama, tire biyu, Mama ta yi salak kala uku, kowanne ya sha mayonis har ba ka gane abin da ke ƙasa. Ni kuma aka saka ni a gaba sai na sa doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a wuya, wadda Mama ta ɗinka da hannunta, don ita ke ɗinka wa rabin 'yan wasan garin nan kaya. Ta ja min gashi baya ta ɗaure tamau har girata ta ɗaga.

“Mama, abincin rana ne fa, ba gasa ba.”

“Gasa ce. Miƙe bayanki.”

Ƙarfe ɗaya daidai aka danna ƙararrawa. Asalin sunansa Gleb, ɗan Nizhny Tagil, na san shi tun yana kuka a bayan motar 'yan wasa duk ranar da ya zo na takwas. Shekara biyu da suka wuce wata ƙasa a Latin Amurka ta ba shi fasfo, ƙasar da filin ƙanƙararta ɗaya ne tak, shi ma a hawa na uku na wani ƙaton kanti. Yanzu sunansa Guillermo, zakaran ƙasa sau biyu, don shi kaɗai ne ke shiga gasar. Sau biyu ya taɓa taka ƙasar. A Moscow yake zaune, yana neman abokiyar wasa, kuma a cewarsa matar ɗan ƙasa ba ta daɗewa ba ta samu fasfo ba.

Ya shigo da farar kwat a tsakiyar watan Disamba, fuska ta yi jajir da wani irin man canza launi, turarensa ya riga shi shiga falo. Ya miƙa min furanni. Kaka ta leƙo ta ƙirga da ido.

“Wa ya mutu?” ta ce.

“Na'am, Kaka?”

“Guda shida ka kawo. Shida, takwas, goma, kabari ake kai wa. Shekara biyu da fasfo har ka manta yadda ake binne mutane a garinku?”

“Ai can wajenmu ba a ƙirgawa,” ya ce yana dariyar yaƙe.

“Can wajenku Tagil?”

Ta zare ɗaya ta tsoma a kwalbar da aka cinye kokwamba, ta tura masa silifas ɗin baƙi, masu kan zomo, su kaɗai suka rage. Haka zakaran ƙasa ya zauna a teburinmu da farar kwat da kunnuwan zomo a ƙafa. Na so in yi dariya, Mama ta taka ni ta ƙarƙashin tebur.

Ko cokali bai ɗauka ba ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa. Kada ku ɗauka kallon so ne, irin kallon da ake yi wa firji ne kafin a hau da shi bene.

“Kilo nawa kike yanzu?”

“Arba'in da shida,” Mama ta amsa kafin in buɗe baki. “Da safe, kafin shayi.”

“Hmm. Kafaɗata ta dama tana ɗan damuna. In za ki sauko arba'in da huɗu, za mu daidaita.”

Ya sa hannu ya ɗauke shangi ɗin da ke farantina ya mayar tire. Kaka ta miƙo hannu ta zuba min biyu.

Daga nan ya fito da fasfo ɗin ya ajiye kusa da kwanon salak, shuɗi, sabo fil. Mama ta goge hannu a ƙyallen kicin kafin ta taɓa shi.

“Duba nan, Zoya Arkadyevna. Da jan fasfonku, in Taya za ta Faransa sai ta yi wata uku tana jiran biza, in an ba ta ma ke nan. Sannan ta bi ta Istanbul, ta yi awa tara a kujerar filin jirgi da takalman ƙanƙara a cinya. Ni da wannan, wucewa kawai nake. Ana ɗaga min tuta, ana sa min take.”

“Rera mana taken,” in ji Kaka.

“Dogo ne sosai, Kaka.”

“Farkon kawai.”

Ya ɗauki kofin shayi ya kafa kai.

Mama ta yi maza ta gyara zance. “Ai abin da nake faɗa mata ke nan kullum. Shekararta ashirin da uku, gwiwa ba ta jira. Ta tsaya tana bin yaron da ya riga ya ɓata mata takarda da hoton kaki.”

Gleb ya ajiye kofin ya dube ta, ya dube ni. Wallahi mamaki ne na gaske a fuskarsa.

“Wane yaro? Rinat? Ai Rinat sun wanke shi tas.”

Ya ci gaba da bayani.

“Sojansa na dole ne, kuma tun kafin yaƙi ya gama, ba su ko ɗaga kai ba. Taya aka ƙi. Na ɗauka kun sani, duk Moscow an sani.”

Na ce, “Ni? Me na yi? Ni da ko labarai ba na kallo?”

Ya sunkuya ya ciro wata jakar takardu. Ashe kafin ya zo neman aurena sai da ya sa wani lauya ya tone shafina na sada zumunta tun daga farkonsa, ya buga komai a takarda, an ja layi da jan biro. Irin soyayyar zamaninmu ke nan, masu karatu.

“Ɗari huɗu da goma sha biyu,” ya ce. “Sau ɗari huɗu da goma sha biyu kin danna alamar zuciya a shafin ofishin wasanni na gari. A ciki akwai taron waƙa don sojoji, akwai tara musu kaya, akwai jawabai. Abin da kwamitin ya fara dubawa ke nan. Kowa ya goge nasa tun shekarar farko, ke ce kawai kika ci gaba har watan jiya.”

Na karɓi takardun. Sunana ne, hotona ne, amma rabona da shiga shafin nan ni kaina na manta. Mama ce ta buɗe min shi ina 'yar sha ɗaya, lokacin da aka ce kowane ɗan wasa sai da shafi. Ita ta san lambar sirri, ita ke sa hotuna, ita ke amsa wa masoya da “na gode, ku ci gaba da yi min addu'a.” Na duba lokutan. Bakwai da kwata na safe, bakwai da minti ashirin, bakwai da kwata. Lokacin ni ina kan ƙanƙara, Mama tana shan shayi.

Na ɗago a hankali. “Mama.”

Ta yi tsuru-tsuru. “Me? Ni me na yi?”

“Ke kike dannawa?”

“To ba su ke raba muku lokacin atisaye ba? Na ji ana cewa suna duba wa ke bin shafinsu. Ina so su ga muna da ladabi, shi ke nan! Ni karantawa nake? Da tabarau ma ba na gani sosai. Duk abin da suka sa dannawa nake, har sanarwar ɗauke ruwan zafi na danna mata!”

Gleb ya buɗe wani shafi ya duba. “Gaskiya ne, ga ta nan. Sau uku.”

“Zoya,” Kaka ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, “wata bakwai kina tsayar da yaron nan a bakin ƙofa cikin sanyi.”

Sai ga hawaye a idon Mama, kwallin da ta ɓata rabin awa tana shafawa ya gangaro har haɓa. Na so in yi mata ihu, na so in kifar da teburin da salak ɗinta kala uku. Amma matar nan ita ta yi shekara goma sha biyu tana tashi ƙarfe biyar ta raka ni fili, ita ta huda yatsunta da allura a kan kowace rigata. Haushi da tausayi suka haɗe min.

Shi kuwa Gleb ko a jikinsa, ya samu shangi ya fara ci.

“Ba abin kuka ba ne. A rufe shafin, a ɗaura aure, ki zauna shekara ɗaya ba gasa, sai ki fito da sabuwar tuta. Aure na takarda, amma in kin ga dama a yi na gaske ma ba ni da matsala. Kin ga kowa ya huta, Rinat ma ya samu ya tafi.”

“Ya tafi ina?”

“Wajen Evelina mana, ta Moscow. Ita an wanke ta, abokin wasanta aka ƙi. Sau biyu tana aiko masa, yana cewa a'a. Ranar Juma'ar nan ake rufe karɓar sunaye na zagaye na biyu, in ya wuce shi ke nan, babbar gasar ba ta sake zagayowa sai bayan shekara huɗu. Shekararsa nawa yanzu, ashirin da bakwai? Mutumin nan bai da hankali.”

Na miƙe na shiga ɗaki, na ciro waya.

Na rubuta: Kana ina?

Ya amsa nan take: Fili. Ina gyara kaifin takalma, na haɗa da naki.

Wani saƙon nasa ya sake shigowa: Yaya ɗan Amurkan Tagil? Ya iya gaisuwa da yarensu yanzu?

Na rubuta: Jira ni.

Ko rigar duwatsun ban cire ba, na ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kai, na zura takalma. Ina fita na ji Gleb yana nuna wa Mama yadin da za a ɗinka mana kayan gasa, kore da rawaya da gashin aku, ita kuma cikin kuka tana cewa yadin ba ya miƙewa, zai yage a hammata.

A bas na yi ta tuna watannin nan bakwai. Ranar da Mama ta ce masa a gabana, “Wasu dai sun iya jawo wa 'ya'yan mutane,” ya sunkuyar da kai ya ce, “Sai da safe, Anti Zoya.” Ranar da ni kaina, da bakina, na ce masa cikin wasa da bai ɗauki hoton nan ba da yanzu muna Turai, ya yi dariya ya ce ai kunnuwansa ne suka tsorata su. Kunya ta kama ni har na ji zafi a fuska, ga gilashin bas ɗin ya daskare.

Na same shi a ɗan ɗakin gyaran takalma, da tsohuwar rigar atisayensa mai hujin gwiwar hannu, yana duba kaifin takalmina da farce. Ya ɗago ya ga kwalliyata.

“Kai! An ɗaura ne ba a gayyace ni ba?”

“Tun yaushe ka sani?”

Murmushin ya tafi. Ya ajiye takalmin a hankali.

“Gleb da baki,” ya ce.

“Tun yaushe, Rinat?”

“Tun Mayu. Takardar ta zo wa Elvira Marsovna, ni na roƙe ta ta yi shiru.”

“Don me?”

“Don na san wa ke dannawa. Ke da ba ki san lambar sirrin shafinki ba. In kin ji, ke da Anti Zoya kun gama magana har abada, ni kuma zagi ba ya fasa min ƙashi.”

“Evelina fa?”

“Evelina tana da nauyin ƙafa.”

“Ƙarya kake, ta fi ni sauka.”

“To ta fi ki. Sai me?”

“Sai ka tafi! Tun kana ɗan shekara biyar kake wannan wahalar. Mahaifiyarka ta yi aiki biyu don takalmanka. An buɗe maka ƙofa ka tsaya kana gadin wadda aka rufe wa?”

“Taya, ba na so. Na faɗa musu sau biyu, in sun sake kira zan faɗa na uku. Sa takalminki, ƙarfe huɗu ƙanƙararmu ce.”

Na san shi. Idan ya yi irin wannan muryar, ko Elvira Marsovna ba ta iya juya shi. Zai zauna a Perm yana ɗaga ni a gaban kujeru rabi babu kowa har bayansa ya ƙare, saboda laifin da ba nasa ba, kuma ba zai taɓa yi min gori ba. Wannan ne na kasa ɗauka. Sai na yi abin da na san za ku zage ni a kai, ku zaga, na yarda: na shirga masa ƙarya.

“Na amsa wa Gleb,” na ce.

Bai motsa ba.

“Na ce masa to. Bayan sabuwar shekara za a ɗaura. Ina so in ga duniya kafin gwiwata ta mutu, kuma da kai ba zan gani ba. Don haka ko ka tafi ko ka zauna, ni dai na tafi.”

Shekara goma sha biyu mutumin nan yana gane zan faɗi tun kafin ni in sani, daga yadda na ja numfashi kawai. Na kafe idona a kan maɓallin rigarsa, na yi murmushin gasa, na riƙe shi da ƙarfin tsiya.

“Dube ni ki sake faɗa,” ya ce.

Na dube shi, na sake faɗa. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma na tsani kaina saboda haka.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya goge hannunsa a wando, ya ciro wayarsa, ya nemo lamba, ya danna. Na ga sunan Evelina a fuskar wayar. Ya sa ta a amsa-kuwwa, ya kamo hannuna ya ɗora min ita a tafi, ya rufe yatsuna a kai da nasa.

“Tunda ke kika yanke, ke za ki faɗa mata,” ya ce. “Ki ce mata Rinat yana zuwa. Duk abin da ya fito daga bakinki, shi zan yi.”

Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. Hannunsa yana kan nawa, da ɗumi. A na uku aka ɗauka.

“Rinat?” muryar mace ta ce, cike da murna. “Ka canza shawara?”